Abin da na gani a filin Hutch

Ni 'yar Zariya ce, amma sama da shekara 20 ke nan ina zaune a jihar Mishigan ta Amurka, a wani ƙaramin gari da ke jikin Ann Arbor, garin da Jami'ar Mishigan take. Aikin jinya nake yi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari wata mata ce da ba ta san ni ba, ba mu taɓa zama inuwa ɗaya mun yi hira ba, amma aikinta ya shigo har cikin gidana ya taɓa tarbiyyar 'yar farina. Sunanta Carol Hutchins. Duk garin Hutch ake ce mata, daga 'yan wasanta har masu yagar tikiti a bakin ƙofa. Shekara 38 ta yi tana horar da ƙungiyar sofbol ta mata ta Jami'ar Mishigan, kuma a ranar da ta ajiye aiki babu wani kocin sofbol a tarihin jami'o'in Amurka, mace ko namiji, da ya kai ta yawan nasara.

Na iso ƙasar nan a 2002, na biyo maigidana da ya zo ƙaro karatu. Shekarun farko ban san komai ba sai ɗaki da sanyi da goyo. Allah ya haɗa ni da maƙwabciya tagari, wata dattijuwar Baturiya da ta yi ritaya daga koyarwa, wadda yarana suka tashi suna kira Kaka. Ita ta koya mini tuƙi a kan ƙanƙara, ita ta nuna mini inda ake samun naman halal, ita ce kuma ta buga mini ƙofa a wani dare na watan Yunin 2005 ta ce in ɗauko yarinya in zo, 'yan matan garinmu suna gab da yin abin da ba a taɓa yi ba.

Ban san ko sunan wasan ba a lokacin. Tana zaune a bakin kujera, ido a kan talabijin, tana yi mini bayani guntu-guntu. Sofbol ɗan uwan besbol ne, a Shikago aka fara shi a 1887. Kowane ɓangare mutum tara. Ƙwallon rawaya ce, girmanta kamar babban lemon zaƙi, kuma tauri gare ta sosai. Mai jifa tana tsayawa kimanin mita 13 daga mai bugu, ta juya hannu da'ira guda ta sako ƙwallon ta ƙasa, ta gefen cinya, da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa. Mai riƙe da kulki ba ta da ko rabin daƙiƙa na yanke shawarar ta buga ko ta ƙyale. In ta buga sai ta ruga, akwai tasha uku da za ta taka kafin ta dawo gida, dawowar ce maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Zagaye bakwai ake yi, sai in an yi kunnen doki a ƙara.

Daren nan, 8 ga Yuni, sai da aka kai zagaye na goma. Mishigan ce da jami'ar UCLA ta Kalifoniya a birnin Oklahoma, ana neman kofin ƙasa na jami'o'i, wasa na uku kuma na raba gardama: UCLA ta ci na farko da 5 da 0, Mishigan ta rama da 5 da 2. UCLA ce ke riƙe da kofin shekara biyu a jere. Ana 1 da 1, Jennie Ritter tana ta jifa wa Mishigan ba ta gaza ba, sai wata 'yar ajin farko mai suna Samantha Findlay ta zo bugu, da abokanta biyu a kan tasha. Ta ɗaga ƙwallon nan ta tsallake katanga. Maki uku lokaci guda, aka tashi 4 da 1. Kaka ta fashe da kuka. Ni kuwa abin da idona ya tsaya a kai daban ne. Kyamara ta nuno kociyar, mace, 'yan mata sun yanyame ta, mataimakanta ma mata. Na tambayi Kaka, ina shugaban nasu? Ta ce ai ita ce shugabar, babu kowa a samanta a wannan fili.

Sai na faɗi dalilin da ya sa tambayar ta fito daga bakina. Ina makarantar kwana ta 'yan mata a gida, ƙwallon hannu nake bugawa, kuma Allah ya ba ni hannu. In na sake ƙwallo mai tsaron raga kan kauce ne. A aji huɗu aka zaɓe ni cikin waɗanda za su je gasa a wata jiha. Na kai wa mahaifina takardar izini, Allah ya jiƙansa. Ya karanta har ƙarshe, ya tambayi su wa za su raka mu. Na lissafa masa malamai, duka maza. Ya ninke takardar a hankali ya ce, “Uwata, da akwai mace ko ɗaya a cikin masu rakiyar nan, da na sa hannu.” Bai yi faɗa ba, bai ce wasa haramun ne ba. Uba ne da ba zai bar 'yarsa ta kwana a wani gari ba tare da mace babba a kusa ba, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Wasana dai a nan ya tsaya. Shi ya sa ganin mace tsaye a matsayin mai horarwa ya yi mini wani iri a ƙirji, har na kasa barci.

Daga baya na gane girman abin da aka yi a daren. Tun da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara gasar sofbol a 1982, duk waɗanda suka ɗauki kofin daga yammacin kogin Misisipi suke, wuraren da rana ke fitowa a watan Janairu: Kalifoniya, Arizona, Teksas, Oklahoma. Mishigan ce ta farko daga gabashin kogin. Kakar wasa a Fabrairu take farawa, lokacin da filinmu yake ƙarƙashin dusar ƙanƙara. 'Yan matan a cikin rufaffen zaure suke atisaye, kowane ƙarshen mako su hau jirgi zuwa kudu ko yamma, su dawo aji ranar Litinin. A shekarar sun buga wasa sama da 30 a waje kafin su taka filinsu na gida, suka kuma gama da nasara 65, rashin nasara 7.

Tarihin Hutch kuwa a hankali na tattara shi, wani daga bakin Kaka wadda sa'ar zamanin ce, wani daga jaridu da hirarrakin da matar ta yi. An haife ta a Lansing, babban birnin jihar, a 1957. Ta yi sakandaren Everett, makarantar da Magic Johnson ma ya yi. Tana da shekara 15 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar Title IX, a watan Yunin 1972, dokar da ta haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Doka dai ta hau takarda, amma kafin ta sauko fili an sha fama. Sofbol ɗin da Hutch ta ƙware a kai a ƙungiyar matan gari ta koye shi, Lansing Laurels, inda take wasa da manyan mata tun tana yarinya. Ta shiga Jami'ar Jihar Mishigan da ke East Lansing, babbar kishiyar wadda za ta yi wa aiki daga baya, tana buga wasa biyu, ƙwallon kwando da sofbol. A sofbol ita ke tsaron gurbin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda ƙwallo ta fi zuwa da zafi, inda kuma ake sa mai saurin ƙafa da saurin tunani. A shekararta ta farko, 1976, ƙungiyarsu ta ɗauki kofin ƙasa a Omaha. A lokacin NCAA ba ta ma kula wasannin mata, wata ƙungiya ce ta matan da kansu, AIAW, take shirya gasar.

Wurin da nake son mai karatu ya tsaya shi ne 1979. A shekarar ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta jami'arsu, da Magic Johnson a ciki, ta ɗauki kofin ƙasa, duniya ta sani. A shekarar nan dai 'yan matan ƙwallon kwando suka maka jami'ar a kotun tarayya, kuma sunan da ke saman takardar ƙarar Hutchins ne. Ba wani abin a zo a gani suka nema ba. In an yi tafiya, ana ba namiji dala 16 ta abinci a yini, mace dala 11. Maza su kwana biyu-biyu a ɗaki, mata huɗu-huɗu, wato mutum biyu a gado ɗaya. Wata lauya ta Ann Arbor, Jean King, ta tsaya musu, alƙali kuma ya umarci jami'ar ta daidaita abinci da makwanci. Dala biyar ce tsakani. Na sha tunanin wannan dala biyar. Yarinya 'yar shekara 21, tana ajin ƙarshe, tana neman aiki a harkar wasanni inda kowa ya san kowa, ta yarda a rubuta sunanta a kan ƙarar makarantar da za ta ba ta takardar shaida. Mu da aka tarbiyyantar a kan haƙuri mun san nauyin irin wannan. Ni ban ga rashin kunya a ciki ba. Ta san in aka bar biyar ɗin ta wuce, haka za a ci gaba da lissafa mace a komai, daga fili har albashi.

Da ta gama ta tafi Jami'ar Indiana ta yi digiri na biyu tana taimaka wa kociyar can, ta yi shekara guda tana jagorancin ƙungiyar Ferris State a 1982, sannan ta zo Ann Arbor a 1983 a matsayin mataimakiyar Bob DeCarolis. A 1985 aka damƙa mata ragamar. Ƙungiyar duka-duka a 1978 aka kafa ta. Shugaban sashen wasanni na lokacin, Don Canham, yana cikin waɗanda suka fito fili suka yi adawa da yadda ake son aiwatar da Title IX. Garin kuma na ƙwallon Amurka ne, filinsu yana ɗaukar mutum sama da dubu 100. A gefen wannan ƙasaita aka ba ta ɗan fili, kuma ta sha ba da labarin yadda ita da kanta take gyaransa kafin wasa. Sai a 1992 ta fara cin kofin rukuninsu na Big Ten, sai a 1995 ta fara kai ƙungiyar babbar gasar ƙarshe ta neman kofin ƙasa. Ta je a 1995 da 1996 da 1997 da 1998, ta koma a 2001 da 2002 da 2004, kowane zuwa ta dawo hannu rabbana. Kofin 2005 ya zo ne a kakarta ta 21. A ƙasar da koci kan yi shekara uku ya ga inda kuɗi ya fi ya ƙara gaba, ita ta dasa ƙafa wuri guda.

Yarinyar da na goya zuwa ɗakin Kaka a daren nan ita ce ta ja mu cikin wasan gadan-gadan. 'Yar fari ce, ba zan kama sunanta ba. Tana firamare ta kawo takardar ƙungiyar unguwa, ni na sa hannu kafin ma babanta ya dawo daga aiki. Shi mutumin ƙwallon ƙafa ne, bai san kan wannan ba, amma ba a daɗe ba ya sayi safar hannu, kullum bayan la'asar ya kifa bokiti a bayan gida ya zauna suna jefa wa juna. Da ta girma kaɗan sai ta zaɓi zama mai cafe, wadda ke tsugune a bayan mai bugu, ita ke ba mai jifa alama da yatsu, ita kaɗai ke fuskantar filin gaba ɗaya. Na yi murna da zaɓin ta wata fuska: kayan sofbol dogon wando ne, ta sa riga mai dogon hannu a ciki, ga sulken ƙirji, ga na ƙwauri, ga hular kwano mai waya a fuska. Suturarta ba ta taɓa zama abin da za mu yi jayayya a kai ba.

Hijabin ne ya ba ni aiki. Na kasuwa ko ya zame a ƙarƙashin hular, ko ya toshe mata kunne ta kasa jin kiran abokanta. Mai cafe kuma takan fizge hula ta yar in ƙwallo ta tashi sama, to hijabin sai ya bi hular. Na sayo yadi mai miƙewa irin na rigunan motsa jiki, na zauna gaban keke. Na yanka shi ya kama kai kamar hula, na rage kauri a daidai kunne, na bar wuyan da tsawo yadda za a cusa shi cikin riga, babu allura babu maɓalli, don kada wani abu ya soke ta in an yi karo a bakin gida. Na yi mata shuɗi da fari da baƙi, daidai da rigunan ƙungiya. Ranar da ta fizge hula a tsakiyar wasa, ta bi ƙwallo har jikin raga ta cafe, hijabin yana nan daram, ni kaɗai na san abin da nake wa tafi.

Tun tana ƙarama muke zuwa filin Alumni kallon 'yan matan Hutch. Duk wanda bai zauna a kan bencin ƙarfe a Mishigan a ƙarshen Maris ba bai san sanyi ba. Mukan tafi da bargo da fulas ɗin shayi mai citta da kanumfari, in zaɓi wurin da ke kallon tasha ta uku, domin a nan Hutch take tsayawa in ƙungiyarta na bugu. Na kalle ta a kusa shekara da shekaru. Takan ɗan duƙa, hannu a gwiwa, ta taɓa hula, ta shafi hannu, ta taɓa ƙirji, mai bugu tana karanta saƙon daga nesa. In mai gudu ta taho daga tasha ta biyu, ita ce za ta yanke a ƙiftawar ido: ko ta juya hannu da ƙarfi a wuce gida, ko ta ɗaga hannu biyu a tsaya. Muryarta tana kaiwa har saman benci. Ba ta lallashi. Na ga ta fito ta tsaya gaban alƙalin wasa tana kare 'yarta ido cikin ido, na kuma ga yadda take kallon wadda ta yi sakaci, kallon da ni daga nesa sai da na gyara zama. Akwai iyayen da ke ganin zafinta ya yi yawa. Ni ina ganin wanda ya ɗauke ka da muhimmanci ne yake tsananta maka. 'Yan mata da yawa ba su taɓa samun wanda ya sa musu rai har haka ba.

Akwai karatun da aka san ta da shi, wai a buga wasan jifa ɗaya-ɗaya. Wanda ya wuce ya wuce, na gaba bai zo ba, wannan da ke hannun mai jifa shi ne aikinki. A wasan da gwanar bugu ma ta fi faɗuwa a kan dacewa, yarinyar da ke ɗauke da kuskuren baya a ka ba za ta kai labari ba. 'Yata ta rubuta maganar a cikin hularta. Ni ma na tafi da ita asibiti, don a daren da majinyata suka yi yawa babu abin da ke riƙe mutum sai ya dubi gadon da ke gabansa.

A 2015 aka sake kai wa wasan ƙarshe, da Filorida. Ƙungiyar shekarar ta fi kowace daɗin kallo, ga Sierra Romero da bugunta ba ya faɗuwa ƙasa banza, ga Haylie Wagner da ta hana Filorida ko maki ɗaya a wasa na biyu, aka tashi 1 da 0. A na uku Filorida ta ci 4 da 1, lissafin 2005 ya juyo kanmu. 'Yata tana da shekara 12, ta kifa kai a cinyata tana kuka. Kaka, wadda tsufa ya riga ya kama, ta dafa ta ta ce, kin san sau nawa matar nan ta dawo daga Oklahoma ba kofi kafin a san sunanta? Washegari yarinyar ta ɗauko bokitin babanta da kanta.

Shekarun sakandare sun zo da nasu. A lokacin ƙa'idar wasannin sakandare ta ƙasa ta ce mai rufe kai don addini sai da izinin hukumar jiha. Kociyar makarantarsu, wata matashiya da ta buga wasan a jami'a, ta nemo takardar tun kafin a fara kaka ta sa a jakarta. Wata rana a wani gari, ana shirin farawa, alƙalin wasa ya nuna kan 'yata ya ce wannan fa? Ina daga bayan raga, cikina ya ɗuri ruwa. Kafin yarinyar ta buɗe baki kociyar ta riga ta shiga tsakaninsu, ta miƙa takarda, ta ce wa 'yata ta je ta ɗumama mai jifa, wannan magana tsakanin manya ce. Minti biyu ba a yi ba aka fara wasa. A 2021 hukumar ƙasa ta soke sharaɗin izinin gaba ɗaya. Haka kuma da azumin 2019 ya faɗo a watan Mayu, tsakiyar kaka, rana ba ta faɗuwa sai kusan tara na dare. Yarinyar ta ce, “Umma, zan yi azumina kuma zan buga.” Kociyar ta rage mata tsugunon atisaye, ta riƙa sa wata ta karɓe ta a wasa na biyu in biyu ne a jere. A mota muke buɗe baki da dabino da kunun gyaɗa a fulas.

Irin wannan kociya ba daga sama ta faɗo ba, kuma a nan ne nake ganin babban aikin Hutch, ya fi kofi. Lokacin da aka yi Title IX a 1972, sama da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'in Amurka mata ne ke horar da su. Da kuɗi da daraja suka shigo harkar, maza suka shigo neman aikin, adadin ya faɗo ƙasa da rabi ya daɗe a can. Hutch ba ta taɓa yin shiru a kan wannan ba, kuma ba a baki ta tsaya ba. Bonnie Tholl, wadda ta buga mata wasa a ƙarshen shekarun 1980, ta zauna a gefenta kusan shekara 30 tana mataimakiya. Jennifer Brundage, mai zinaren Olamfik na 2000, ita ta riƙe masu jifa shekara da shekaru. Tsofaffin 'yan wasanta sun bazu a jami'o'i da makarantun sakandare suna horarwa. Ba ina cewa namiji ba zai iya horar da mata ba. Mike Candrea ya ɗauki kofin ƙasa takwas da 'yan matan Arizona. Amma ni na san akwai gidajen da ƙofarsu ba ta buɗuwa sai in mace ce ta ƙwanƙwasa, don a irin gidan na tashi. Akwai kuma abin da yarinya ke koya in ta ga mace tana ba da umarni ana bi, wanda ba a koyar da shi a aji.

Ba komai na harkar nake yabo ba. Sofbol a Amurka ya zama wasan masu hali. Kulki mai kyau ɗaruruwan daloli ne, ƙungiyoyin bazara da masu neman 'yan wasa na jami'o'i ke zuwa kallo suna cin dubbai a shekara, ga mai, ga otal. Mun ga yara masu baiwa sun bari don iyayensu ba za su iya ba. Mu ma ba mu iya bin manyan gasannin ba, na karɓi aikin dare da yawa don waɗanda muka je. 'Yata ba ta kai matakin Mishigan ba, kuma ta san haka da wuri. Annobar korona ta cinye mata kakar 2020 ɗungurungum. Ta buga shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji, ta yi karatunta lafiya, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi asara ba.

Hutch ta wuce Margie Wright, kociyar da ke kan gaba a lokacin, a yawan nasara a 2016. Candrea ya sha gabanta na ɗan lokaci, ya yi ritaya a 2021 da 1,674, ita kuma ta sake karɓe matsayin a Fabrairun 2022. A watan Agustan shekarar, wata biyu bayan cikar Title IX shekara 50, ta sanar da ajiye aiki. Nasara 1,707, kofin Big Ten 22, zuwa babbar gasar ƙarshe ta ƙasa sau 12, kuma a duk shekarun nan babu kakar da rashin nasararta ya fi nasara yawa. Ɗalibarta Amanda Chidester ta ɗauko azurfa a Olamfik na Tokyo. Mu ma'aikatan jinya muna tuna ta da wani abu kuma: tun 2010 ƙungiyarta take shirya taron shekara-shekara inda manya ke biyan kuɗi 'yan wasa su koya musu sofbol, a tara wa yaƙi da sankarar mama. A 2023 jami'ar ta sa wa filin sunanta. Kaka ba ta ga wannan ba, ta rasu kafin nan.

Tholl ce ta gaje ta. Shekarar farko ta yi wuya, ƙungiyar ba ta samu shiga gasar ƙasa ba a 2023, abin da rabon a gani tun 1994, masu surutu suka yi ta yi. A 2024 ta ɗauki kofin gasar Big Ten.

'Yata yanzu tana aiki, ranakun hutunta kuma tana horar da yara mata 'yan ƙasa da shekara goma. Yawancinsu daga masallacinmu ne, 'ya'yan Yamalawa da Somaliyawa da 'yan Bangaladash da 'yan Senegal, da namu biyu 'yan Najeriya. Ni ke riƙe littafin maki, ni ke ɗinka hijaban. Iyaye mata sukan zo su tsaya a bayan raga da mayafansu, wasu sun fara tambayar ƙa'idojin wasan. Matsalarmu ta yanzu hunturu ce, don daga Nuwamba zuwa Maris babu fili. Kwamitin masallaci ya ba mu zauren ƙasa ranar Lahadi tsakanin azahar da la'asar, da sharaɗin a yi amfani da ƙwallo mai laushi saboda fitilu. Kayan da muke da su duk kwance ne da iyayen tsofaffin abokan wasanta suka tara mana, kuma har yanzu muna neman safar hannu ta bahagwai guda biyu, don yara biyun da suka fi kowa hannu a ƙungiyar da hagu suke jifa.